Teburin Masu Farin Zare

Inna ta bar aikin unguwarzoma shekara shida ke nan, amma hannunta bai huta ba. Kwarashi da ulu ne abokan hirarta. Da autarta ta haihu a ƙasar waje ta aiko mata tikiti, rabin akwatinta zare ne, har surukinta ya ce, "Inna, jika kika zo gani ko shago za ki buɗe?"

Sati biyu sai ulun ya ƙare. Autar ta kwatanta mata wani shago a bayan tashar mota, ta ɗauki lema ta tafi ita kaɗai da hantsi, ana yayyafi.

Shagon siriri ne, yana warin tumaki da tsohon katako. Ba kowa a wurin biyan kuɗi. Can ciki ta hango mata biyar sun kewaye tebur, suna saƙa abu guda fari, kowacce ta kama gefenta. Ba mai magana, ba mai tari. Kujera ɗaya ce babu kowa. Wata tsohuwa mai kauri a yatsu ta janyo ta, ta miƙo wa Inna kwarashi kamar dama ita ake jira.

Inna ba ta jin yarensu. Ta yi murmushi ta zauna, don a ganinta saƙa ba ta buƙatar tafinta. Salon saƙar baƙo ne, ba ta taɓa ganin irinsa ba, amma yatsunta suka kama shi tun kafin idonta ya gane. Daɗi ya ratsa ta. Ta manta da ruwa, ta manta da jika.

Taɓa ta da aka yi ne ya farkar da ita. Tsohuwar ce tsaye a bayanta, ta ɗora bakin zare a tsakiyar kanta, ta ja shi har diddige, ta ƙulla. Sannan ta shimfiɗa shi a kan saƙar. Saura taƙi ɗaya tsawon saƙar ya kai nata, kamar awon likkafani. Sauran matan suka ɗago a tare, suka ƙara sauri.

Inna ta yar da kwarashin. Ta miƙe, sai ta ga ulun ya naɗe mata wuyan hannu. Da haƙori ta tsinke shi, ta fita tana salati, ko lema ba ta ɗauka ba.

A gida ta tarar da autar tana kuka. "Inna, ina kika shiga? La'asar ta wuce, na kira ki ya fi sau ashirin!"

Washegari surukin ya je ɗauko lemar. Ya dawo yana sosa ƙeya. "Mai shagon ta ce teburin nan ya shekara ba a zauna a kansa ba. Amma ta ba ni wannan, wai na baƙuwar jiya ne."

Ƙunshi ne mai laushi. Inna ta hana a kwance shi, ta sa ya mayar a take. Ta ƙarasa wata ukun da ta zo yi lafiya, sai dai ba ta sake fita ita kaɗai ba.