Asibitin Ɗakin Inna Barira

"Kar ki taka mana maras lafiya!" in ji Hafiz, ya tare ni a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Na zo ɗaukar 'yata Nasiha ne, ruwa na ta zuba. Inna Barira, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba mu, tana kwance a tabarma, yara sun kewaye ta. Hafiz, wanda bai wuce shekara huɗu ba, ya ɗaure murfin gwangwani da igiya yana ɗora mata a ƙirji. Nasiha na yi mata fifita da faifai, wata kuma na yi mata allura da tsinken tsintsiya.

"Inna, yau ma asibiti aka buɗe?"

"To ya za a yi, Hafsatu? Ruwa ya hana su tsakar gida. Likitocin nawa kuma sun ƙi sallamata."

Na yi dariya har da riƙe ciki, na saɓa 'yata na fita.

Duk matan layinmu a Birnin Kudu wurin Inna muke zube yara, mu kama gabanmu. Ni ina suyar awara a bakin babban asibiti, wasu na koyarwa, wasu na aikatau. Inna ba ta taɓa sayen abin wasa ba. Kujerun tsugunno in ta jera sun zama motar Gwaram, ita ce direba. Ta kife kwanuka su zama ganguna, ta zuba wake a gwangwani ya zama caki, ta yi ta rawa da su har mu masu jin ƙarar ta katanga mu yi tsaki. Da damina ta kankama sai gangunan suka yi shiru, aka koma wasan asibiti. Ni har daɗi na ji, na ce kunnena ya huta.

Ran nan na dawo na tarar da baƙuwa a ɗakin, Kubra, 'yar ƙanin Inna da ke aure a Zandam. Mu uku, matan layi, muka haɗu ɗaukar yara. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta yaye zanen da ya rufe ƙafafun Inna. Sun kumbura suntum, har sheƙi suke yi.

"Tun yaushe take kwance?" ta tambaye mu.

Muka kalli juna. Jummai, ɗaya daga cikinmu, ta ce, "Ai wasa ne suke yi."

"Wasa? To wa ke girka mata?"

Nasiha ce ta ɗaga ludayi. "Mu ne. Kunun da Umma ta ba ni nake ba ta. Ta ce maganinta ke nan."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Kullum ina duba kofin Nasiha in ga ta shanye tas, har ina yabon yarinya ta fara cin abinci.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?" na ce da ƙarfi.

"In na faɗa ku kai su ina?" Ta numfasa. "Ɗakin kuma ya yi min shiru. Ki bar ɗaga murya, za ki tsorata min likitoci."

Muka samo mota. Aka wuce da ita ta gaban teburin awarata, inda nake yini ina kallon marasa lafiyar wasu. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta danna ƙafar Inna da yatsa, ta ɗago ta dube mu.

"Kun makara da ita. Wa ke jinyarta a gida?"

Kubra ta juyo ta dube mu, ta bar mana amsar. Ni dai takalmina na kalla.

Washegari da hantsi Inna ta cika. Allah ya jiƙan ta. A wurin zaman makoki muka yi ta kai abinci, manyan kwanuka har babu wurin ajiyewa, tuwo da miya da dambu. Kubra tana karɓa tana cewa an gode. Da a ce zagi ta yi da ya fi min sauƙi.

Bayan addu'ar uku aka sake yin ruwa. Ban fita suya ba. Ina tsintar waken suya a ƙofar ɗaki sai na ji Nasiha tana magana ƙasa-ƙasa a bayan gado. Na leƙa. Ta naɗe tsohon zanena ta kwantar a tabarma, ta ɗora masa murfin kwano. Tana ɗebo kunu da ludayi, tana hurawa.

"Sha kaɗan, Inna," ta ce. "Ba zafi."