Dangwalen Malam Bamanga

Noah ya gyara tabarau, ya ƙara matso da jaridar kusa da fuskarsa. Tun da idon Malam Bamanga ya mutu, shi yake zuwa Jekadafari kowace hantsi ya karanta masa labarai. Shekara ashirin suka yi tare a kamfanin gurzar auduga.

"Ƙudurin doka ne da za a kai majalisa, ba a zartar ba tukuna," in ji Noah. "Wai duk wanda ya haura sittin, ba za a karɓi dangwalensa a takardar gida ko gona ba sai an karanta masa da yarensa a gaban alƙali, da shaidu biyu waɗanda ba danginsa ba."

"Me ya sa ban da dangi?"

"Wai cutar ta fi fitowa daga cikin gida."

Bamanga ya tuna da wata takarda. Ranar Talata Yuguda, ɗan ƙanensa marigayi da ya riƙa tun yana shekara shida, ya zo daga Bauchi a sabuwar Fijo. Ya ce takardar ƙarin fansho ce. Shi da kansa ya kama masa yatsa ya dangwala.

Bamanga ya kira matarsa. "Bilkisu, miƙo takardar da Yuguda ya bari."

Noah ya karɓa, ya duba ta daga sama har ƙasa.

"Karanta mana."

"Ba ta fansho ba ce, Malam. Gonarka ce ta hanyar Dukku. An rubuta ka ba shi kyauta, halak malak."

"In dokar ta fito, za ta dawo mini da ita?"

Noah ya bi layukan jaridar da yatsa. "Daga ranar da aka sa mata hannu za ta fara aiki. Ba ta komawa baya."

Bilkisu ta jingina da bangon zaure. "Ashe shi ya sa yake ta gaggawa. Ko ruwa bai sha ba. Cewa ya yi dole a gama kafin majalisa ta zauna, tunda shi ke buga musu takardu. Ni na ɗauka kulawa ce."

Bamanga ya laluba ya sa takalminsa, ya miƙa wa Noah hannu.

"Kai ni wurin alƙali."

"Malam, ai ba ta zama doka ba."

"Na ji. So nake a karanta mini takardar a gaban mutane, da Hausa, har inda Yuguda ya rubuta sunan ubansa."