Nauyin Kunkuru

Ranar da Basile ya gama ɗaura injin ɗaga keken marasa lafiya a ƙofar motar, yayarsa Armelle ta tsaya a bakin garejinsa tana kallon ƙarfen yana hawa yana sauka. Motar ƙarama ce mai ɗakin kwana a bayanta, da murhun gas, da ɗan banɗaki wanda mutum ba ya iya juyawa a ciki. Ita da mijinta Firmin suka saye ta na hannu shekara ashirin da bakwai da suka wuce, suka sa mata suna Kunkuru saboda tana ɗauke da gidanta kuma ba ta sauri. Kowace shekara, da zarar sanyi ya ja baya, sukan kama hanyar teku. Bara ne kaɗai ba su je ba, domin a watan Fabrairu ɓarin jikin Firmin na dama ya shanye, maganarsa kuma ta tafi, ba abin da ya rage masa sai kalma guda da yake faɗa a kan komai: "Shi ke nan."

Likita ya gaya wa Armelle cewa in tana da niyyar kai shi wani wuri, ta kai shi bana. Bai ƙara komai a kai ba, ita ma ba ta tambaya ba.

"To, Yaya, ga shi nan," in ji Basile, yana goge hannu da tsumma. "Na ƙara miki batir na biyu, na sa ƙarfen riƙewa a gefen gado. Ko sarki aka ce a ɗauka, Kunkuru ta shirya."

"Saura awo," in ji ta.

"Wane awo kuma?"

"Takardun motar sun ce kilo dubu uku da ɗari ɗaya, har da mu a ciki."

Basile ya yi dariya har sai da ya dafa murfin injin. "Haba Yaya! A ƙasar nan wane mai irin motar nan ne ba ya wuce ƙa'ida? Dubi mutanen Holan, har dankalinsu suke tahowa da shi tun daga gida."

"Ni ba 'yar Holan ba ce. In jandarma suka tsayar da ni suka ce in sauke kaya a bakin titi, shi zan sauke ko kekensa? Kai kuma da bakinka ka ce mini birkin nan ya tsufa."

Shekara talatin da huɗu Armelle ta yi tana auna ƙunshin mutane a gidan waya, kuma duk garin an san ba ta taɓa yafe wa kowa giram ɗaya ba.

Washegari da hantsi ta loda motar kamar yadda takan loda ta don tafiya, ta ɗora Firmin da kekensa a kan injin, ta ɗaure shi a kujerar gaba. Suka nufi ma'ajiyar hatsi ta ƙungiyar manoma, inda ake da sikelin da manyan motocin alkama suke hawa. Mai kula da sikelin, Norbert, ajinsu ɗaya da Firmin tun firamare. Ya leƙo ta tagar ɗan ofishinsa da gutsuren burodi a hannu.

"A'a! Yau uwar gidan waya ce da kanta a kan sikeli? Na daɗe ina jiran wannan rana." Ya zagayo ɓangaren Firmin ya bubbuga gilashi. "Mutumina, ka ga yadda duniya take? Wadda ta mayar mini da ƙunshin cuku saboda giram goma."

"Shi ke nan," in ji Firmin.

"Gaskiyarka, ɗan ajinmu."

Ya koma ciki ya dubi allo, ya yage ɗan tikiti ya miƙo mata. Kilo dubu uku da ɗari uku. Ta wuce da ɗari biyu.

Armelle ta ninke tikitin ta sa a aljihu. Ta lura cewa ba ta ji komai ba, kamar yadda ba ta ji komai ba ranar da aka kira ta daga asibiti. Tun daga ranar abubuwa suke zuwa mata a jere, kowanne da abin da ya kamata a yi masa, ita kuwa tana yi.

Kwana uku ta yi tana fitar da kaya. Ta ɗauko tsohon sikelin ƙunshi da aka ba ta kyauta ranar da ta ajiye aiki, ta kafa shi a tsakar gida, duk abin da ya fito sai ya bi ta kansa. Kekunan hawa guda biyu suka fara fita, da ƙarfen da ake rataye su a baya, tun da ba mai sake hawansu. Basile ya zo ya kwance rumfar da ake warewa a gefen mota. Teburin waje da kujeru, tukunyar ƙarfe mai nauyi da Firmin yakan dafa miyar kifi a ciki, tukunyar gas ta biyu, littattafan taswira waɗanda hanyoyinsu suka canza tun tuni, sandunan kamun kifi, duk suka taru a gindin babban itacen da ke tsakar gida. Ta zubar da rabin ruwan tanki. Firmin yana zaune a kekensa a inuwa, bargo a gwiwa, yana bin kowane kaya da ido.

Da ta haɗa jimilla, abin da ta fitar ya kai kilo ɗari da arba'in. A cikin motar ba abin da ya rage sai gado, da magunguna, da ƙaramar tukunya, da kwano biyu, da kayan sawa na mako guda. Ta koma wurin Norbert. Tikiti ya ce dubu uku da ɗari da sittin.

"Sittin kacal," in ji Norbert. "Ki rufe ido ki tafi, madam. Ni ban gani ba, sikeli ma bai gani ba."

"Sikeli ya gani."

"To ki bar Firmin a wurina, mu yi ta karta har ki dawo. Ai ya kai sittin, ko mutumina?"

Ba wanda ya yi dariya. Norbert ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

A gida ta zauna da fensir. Ta san nauyin motar ba kaya, domin yana cikin takardu. Ta san nauyin injin ɗagawa da batir da keke, ta san nata da na Firmin, ta san na man da ke tanki. Ta haɗa sau uku, duk sau ukun lissafi yana cewa ya kamata a ce ta shiga ƙa'ida. Akwai kusan kilo sittin a jikin Kunkuru da ba ta san daga inda suka fito ba.

Ta kira Basile a waya.

"Ko ruwa ne ya shiga bango?" in ji shi. "Tsofaffin nan katakonsu yakan sha ruwa kamar soso."

"Kai ka duba bangon a watan jiya, ka ce ƙalau yake."

"To ban sani ba, Yaya. Sai dai in ke ce kika ƙara ƙiba kina ɓoyewa."

Ta kashe wayar. Ta shiga motar ta fara buɗe kowace ma'ajiya, daga ta saman kujerar direba har zuwa baya. Duk wayam. Wuri ɗaya ya rage, ƙarƙashin bencin da Firmin yakan zauna, inda famfon ruwa yake. Tun da suka sayi motar aikin ruwa nasa ne, tuƙi nata. Kullum yakan ce kada ta taɓa wurin, wayoyi ne da bututu, in ta motsa ɗaya sai sun kwana ba ruwa. Ta tuna cewa a shekarun farko takan ji wani abu yana gangarawa a can duk lokacin da ta karya kwana, shi kuwa ya ce famfo ne bai zauna daidai ba. Daga baya ƙarar ta daina, ta ɗauka ya gyara.

Ta ɗaga katifar bencin, ta kwance noti huɗu. Famfon yana nan a kusurwa, bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Sauran wurin kuwa cike yake maƙil da duwatsu.

Irin duwatsun bakin teku ne, masu santsi, wasu farare wasu masu launin toka, an jera su a matse har ba su iya motsi. Ta ɗauki na sama. A ƙarƙashinsa an rubuta sunan gari da shekara da baƙin alƙalami, rubutun Firmin ne mai karkata zuwa dama. Ta ɗauki wani, shi ma haka. Alƙalamin yana nan a gefe, an ɗaure shi da roba a jikin bututu.

A tafiyarsu ta farko ya tsinci dutse a tsibirin Oléron zai shiga mota da shi, ta hana shi. Ta ce motar ƙarama ce, ba za ta riƙa ƙona mai tana jan duwatsu ba. Ya ce to, ya sa hannu a aljihu, ba su sake maganar ba. Wannan dutsen shi ta samu a can ƙarshe, bayan ta kwashe sauran cikin bokiti.

Bokiti shida ta yi. Ta auna su ɗaya bayan ɗaya, kilo sittin. Ta jera duwatsun a kan ɗan katangar da ta raba tsakar gida da lambu, ta bi shekarun gwargwadon iyawarta, jerin ya kai tun daga ƙofa har wurin famfon ban ruwa. Akwai garuruwan da ta manta sun taɓa zuwa. Akwai shekarar da suka yi faɗa a garin Cancale har ta kwana a kujerar direba, a shekarar ma dutse biyar ya tsinta.

Ta turo kekensa zuwa bakin katangar.

"Wayoyi da bututu, ko?" in ji ta.

Firmin ya dubi jerin daga wannan gefe zuwa wancan. Ɓarin bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

"Shekara ashirin da bakwai ina zagin motar nan a kan gangare, ashe kai ne. Tsohon maƙaryaci."

"Shi ke nan."

"Ba za su je ba, Firmin. Ko su ko kai."

Ta jira ko za ta ji haushi, ko kuka ya zo mata. Ba wanda ya zo. Ta tsaya riƙe da hannun keken har inuwar itacen ta bar su, sannan ta tuna lokacin maganinsa ya yi.

A awo na uku Norbert bai yi wasa ba sai da ya ga allo. Sannan ya fito da tikitin a sama kamar ya ci gasa.

"Dubu uku da ɗari cif! Me kika fitar, madam? Injin motar?"

"Kayan Firmin ne."

"Ka ji! Dama na ce kai ne matsalar, ɗan ajinmu. Ku gaida teku. In kun dawo ina son gwangwanin sardin, amma ƙarami, kada in jawo muku tara."

Kwana biyu suka yi a hanya, domin Kunkuru ba ta wuce kilomita tamanin a awa, kuma dole a tsaya a juya Firmin kowace awa biyu. Motar ta yi sauƙi a hannu, a kan tudu ma ba ta nishi kamar da. Armelle ta kunna rediyo, ta kashe. Da yamma sukan tsaya a filin da aka keɓe wa masu irin motarsu, ta dafa miyar ganye a murhu, ta ba shi da cokali, ta wanke kwanon biyu.

Sun isa gaɓar tekun Bretagne da azahar, ruwa ya ja baya. Akwai hanyar siminti da masu jiragen ruwa suke gangarawa ta kai, ta tura keken har inda simintin ya ƙare. Iska tana da sanyi, ta gyara masa hula. Ta yi zaton teku zai kalla, amma ƙasa yake kallo, wurin da duwatsu suka taru a gefen ƙafar keken.

"Wanne?" in ji ta.

Bai iya nunawa ba. Ta durƙusa ta ɗauki ɗaya, ya kawar da ido. Ta ɗauki na biyu, haka. Na uku mai launin toka ne da farin zane a tsakiya, a kansa idonsa ya tsaya. Ta jinjina shi a tafin hannu. Giram ɗari huɗu, hannunta bai taɓa kuskure ba. Man da suka ƙona a hanya ya fi haka nesa ba kusa ba.

Ta ciro alƙalamin daga aljihun rigar sanyinta, ta rubuta sunan garin da shekara. Rubutunta a miƙe yake, irin na cike takardun gidan waya. Ta sa dutsen a hannunsa na hagu, ya riƙe shi har rana ta yi ƙasa.

Ranar komawa ta ɗaga katifar bencin ta ajiye shi kusa da famfo, ta ɗaure notin huɗu. Da ta karya kwanar farko a fitar gari, sai ta ji shi ya gangara daga wannan kusurwa zuwa waccan ya bugi katako. Ta dubi Firmin, idonsa a rufe. A kwana ta biyu dutsen ya gangaro ya dawo. Akwai tafiyar kwana biyu a gabansu, ba ta tsaya ta tokare shi da komai ba.