Dawakin Baba Torkuma

Duk unguwar Akurba babu wanda bai san Baba Torkuma mai zane ba. Allon shagon aski, na mai gyaran waya, har rubutun bayan tipa, duk hannunsa ne. A ganinsa, garin Lafia bai taɓa samun mai riƙe buroshi kamarsa ba, kuma in ka kuskura ka yi masa musu, to nemi benci ka zauna, don ba yanzu za ka tafi ba.

Da 'yarsa Erdoo ta fito takarar kansila, dattijon nan ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya shafe katangar gidansa mai kallon titi da farin fenti, ya rangaɗa sunanta da manyan baƙaƙe. Sai ya ga abin bai yi kwarjini ba. Ya hau tsani ya ɗora tambarin Najeriya a sama: dawakai biyu, garkuwa a tsakiya, mikiya a kai. Ko shawarar kowa bai nema ba.

Ba a jima ba Erdoo ta shigo gida rai a ɓace.

"Baba, ka jawo mini. Ba a sa tambarin gwamnati a tallan siyasa, don kar mutane su ɗauka gwamnati ce ta tsayar da ɗan takara. 'Yan hamayya sun kai ƙara. Jam'iyya ta ce in abin ya tabbata, tikitin nan wani za ta ba."

"To bari in goge mana!"

"An ce kar a taɓa sai an zo an duba."

Baba ya dafe kai. Yarinyar da ta zaga unguwa gida-gida har takalminta ya cinye, a ce buroshinsa ne zai kayar da ita!

Jami'in da aka turo, wani Malam Kalilu, ya iso da hantsi, 'yan kallo kuwa sun riga shi zuwa. Ya tsaya gaban katanga ya ɗaga kai. Ya matsa baya. Ya goge tabarau ya sake sawa.

"Ina tambarin da ake magana?"

Kai, jama'a! Baba ya miƙa hannu ya nuna, har da ɗan ɗaga ƙirji, duk da fargabar da ke cinsa.

Suwaibatu mai gasa masara a bakin titin ta riƙe baki. "Af! Wai tambari ne? Wallahi tun da aka zana na ɗauka awaki ne ke rububin dusa a tire, kaza ta hau kai."

Wuri ya kaure da dariya. Wani ɗan acaba ya ce shi ma kullum mamaki yake yi, ko kiwo Erdoo za ta raba in ta ci zaɓe.

Malam Kalilu ya danne tasa dariyar da ƙyar, ya juyo. "Baba, kai ka zana, kai za ka faɗa mini. In dawakai ne da mikiya, to tambarin gwamnati ne, magana ta wuce hannuna. In kuwa awaki ne da kaza, ni dai ban san dokar da ta hana zanen dabbobin gida ba."

Abin ya yi wa Baba ciwo ƙwarai, ciwon da bai taɓa ji ba tun da ya fara sana'a. Gashin wuyan dawakan nan ɗaya bayan ɗaya ya ja shi, rana tana dukansa a kan tsani. Ga duk unguwa a tsaye, mutanen da ya sha cika wa baki. Ya dubi Erdoo. Ba ta roƙe shi ba, ta dai sunkuyar da kai tana murza gefen zanenta.

Ya juya ga Malam Kalilu.

"Awaki ne."

"Na saman fa?"

"Kaza," in ji Baba, murya can ƙasa.

"Madalla. Amma a shafe shi yau, kar wani mai ƙarfin ido ya zo ya ga doki."

Erdoo ta ruga ta rungume mahaifinta, tana dariya hawaye na zuba. Malam Kalilu ya nufi motarsa, har ya buɗe ƙofa, sai ga Baba ya biyo shi da sauri ya riƙo hannun rigarsa.

"Oga, in za ka kai rahoto, ka gaya musu awakin sun yi kyau."