Jan Kifi da Farin Kifi

Duk unguwar Mandawari babu wanda bai san Gwaggo 'Yardada da ƙin kifi ba. Kakanninta sun daɗe da jingine sandar kiwo sun zauna a birni, amma ƙyamar kifi irin ta Fulani kam ta gaje ta kaf. Kwanon da kifi ya taɓa, sai dai a zuba wa kaji ruwa a ciki. Ga shi kuma bakin lungunsu rumfar Baba Mala ce, Babarbare mai sayar da banda, abokin wasanta na gado. Kullum ta zo wucewa sai ta toshe hanci da bakin mayafi.

"Baiwata, a ƙunsa miki na miya?" in ji shi.

"Allah ya raba ni da warin Barebari!"

Ana nan yaƙin basasa ya tashi. Ɗanta na fari, Yero, ya shiga soja, aka tura su can bakin teku, daga nan labarinsa ya ɗauke ɗif. Ita kuwa kunyar ɗan fari ta hana ta sakat. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ta tambayi inda yake. In an ambace shi sai ta kau da kai ta hau kaji da faɗa. Amma fa ramewa take yi, don ta ji an ce a can ba abin ci sai kifi, kuma ita da hannunta ta raini yaron da ko warinsa ya ji sai ya yi amai. Tsoronta ke nan, kada tarbiyyarta ta kashe shi da yunwa.

Wata rana da hantsi sai ga labari, Ilu ɗan ƙanwar Baba Mala ya dawo da rauni a ƙafa, kuma bataliyarsu ɗaya da Yero. Gwaggo ta zari mayafi ta ce daddawa za ta sayo. Mai daddawa dai a ɗaya bakin lungun take, amma ƙafa ta kai ta rumfar banda.

Ta tarar an kewaye Ilu, ya rame ya zama sai idanu. Yana ganinta ya yunƙura ya rusuna.

"Gwaggo, ina kwana? Ai Ye..."

"Kai! Wa ya tambaye ka?"

Ilu ya haɗiye sauran maganar. Baba Mala ya dube ta, ya ga ta manta ba ta toshe hanci ba. Tsohon banza ne wajen tsokana, amma ba wawa ba ne.

"Ilu, rabu da ita, ci gaba da ba mu labarin kifin teku. Baƙauyiya ce, bari ta ƙaru."

Ilu ya gyara zama. Ya ce da hanya ta yanke, gari ya ƙare, wake ya ƙare, sai abin da masunta suka kawo. Manyan kifayen iri biyu ne. Akwai wanda ake ce wa kinfish, dogo siriri, baki cike da haƙora kamar zarto, namansa fari tas, ga ƙarni. Akwai kuma tuna, gajere mai ƙiba, cikinsa kamar tulu, in an yanka shi ja wur.

"Ja?" in ji Gwaggo. "Ƙarya kake yi. Kifin ne ja?"

"Wallahi Gwaggo, har da jini. Ka rantse cinyar sa ce."

"Tirƙashi!" Ta ɗan matso. "Shi wannan farin... kowa yana iya ci?"

"Ba kowa ba. Akwai wanda ko kusa da tukunyar ba ya zuwa. Ya yi ta zama da yunwa har bindiga ta fara yi masa nauyi."

Gwaggo ta dafa ginshiƙin rumfa. Sannan ta ce, murya ƙasa ƙasa, "To... jan fa?"

Ilu ya yi dariya har da dafe ƙafar mai ciwo.

"Jan? Ai ranar da aka fara kawo shi, wani mutum ya zagaya shi, ya sake zagayawa, ya ce shi dai ya san shanu, wannan ba kifi ba ne, saniya ce ta faɗa ruwa ƙafafunta suka narke. Ya yanyanka shi fale-fale ya shanya kamar kilishi. Yana ci yana toshe hanci da gefen riga, yana cewa don Allah in mun koma gida kada mu gaya wa wata tsohuwa."

Jama'a suka kwashe da dariya. Baba Mala har da buga cinya.

"Ahaf! Ɗan Fillo ya shigo hannu! Yau dangi ya ƙaru!"

Gwaggo ta ƙara matsowa kusa da Ilu.

"Mutumin nan," ta ce, "da ka taho, yana kan ci?"

"Tare da shi muka karya kumallo ranar da aka sa ni a jirgi. Ya yi kumatu, Gwaggo. Wandonsa ma ya matse shi."

Ta zauna daɓas a kan abin da ya fi kusa, wanda bai zama komai ba sai kwandon banda. Daɗi ya cika ta har hawaye suka ɓalle, tana sharewa tana cewa warin Barebarin nan ne ya shiga mata ido. Baba Mala ya ce ƙwarai kuwa, bandar bana akwai yaji, ya juya ya kama gyaran tire da ba abin da ya same shi.

Da ta samu numfashi sai ta sake duban Ilu.

"Shi jan nan, akwai shi da yawa a tekun? Ba zai ƙare ba?"

"Ko shekara nawa za a yi ba ya ƙarewa."

Ta gyaɗa kai, ta gyara zama a kan kwandon.

"To kada kowa ya gaya wa tsohuwar," ta ce. "A bar shi ya ci."