Fiffiken Motar Alhaji Lawwali

A shekarun da kuɗin mai suka yi ambaliya, har wanda bai taɓa riƙe shebur ba kan wayi gari ɗan kwangila, Alhaji Lawwali ya samu aikin hanyar ƙauyensu, Unguwar Mamuda, wadda ta taso daga Damari. Aikin ba wani mai yawa ba ne: a zuba marmara, a gina kwalbati a kan kwazazzabon da ke bakin gari. Da aka ba shi kafin alƙalami, sai ya kafa allo mai ɗauke da sunansa a gefen hanya, ya wuce Kaduna ya sayi mota 'yar Japan, ja wur.

Motar ba ta da aibu, sai dai Kaduna cike take da irinta, abin da ya hana Alhaji sakat ke nan. Wani mai gyaran jikin mota ya nuna masa hoton motocin tsere na ƙasar waje, ya ce ai mota ba ta da abokin gaba kamar iska. In aka kafa mata fiffike a baya, a kan murfin but, iskar za ta danne ta a ƙasa. In aka zagaye ƙasan jikinta da siket, aka sauke bambar gaba har ta kusa lasar kwalta, iskar ba za ta samu kafar shiga ƙarƙashinta ba. Alhaji bai taɓa sanin iska na nufinsa da sharri ba, amma tun daga ranar ya ƙullace ta. Ya ce a yi duka, fiffiken kuma ya fi na hoton faɗi.

Ana cikin haka ƙanwarsa Suwaibatu ta haihu a ƙauye. Ranar suna ya kamo hanya. A kan kwalta motar ta yi masa yadda yake so. Daga Damari kuwa sai siket ya shiga sharar ƙasa, bamba tana huɗa kamar garma, har ya iso bakin kwazazzabo ya tsaya, yana hango rufin gidajensu.

Mutane suka tsallako kallo, Baba Rabo, ƙanen mahaifinsa, yana gaba. Tsohon ya zagaya motar, ya dafa fiffiken.

"Lawwali, wagga mota tashi take yi?"

"A'a, Baba. Don kada ta tashi aka sa mata shi."

"To, madalla. Fiffike don kada a tashi. Lalle kun yi nisa."

Alhaji bai kawo mota tun daga Kaduna don ta tsaya a bayan gari ba, alhali mata na cikin gida ba su gani ba. Ya roƙi Baba ya sa samari su ɗauke ta su tsallakar. Baba ya amsa da saurin da ya kamata ya ba shi tsoro, amma hankalinsa na kan fenti. Aka zura azara ta ƙarƙashi, majiya ƙarfi suka saɓa, Alhaji na biye yana cewa a yi hankali da siket. Suka dire ta a gindin tsamiyar ƙofar gidan suna. Aka yi guɗa, aka ci rago, ya yi wa duk wanda ya tsaya bayanin iska.

Bayan la'asar ya nemi a mayar da ita. Sai aka tarar duk samarin garin, baya ya riƙe musu.

"Ka gani, ɗana," in ji Baba Rabo, "shigowa gangare ne, fita kuwa hawa. Ka bari in an yi kwalbati ta tahi da ƙahwarta."

Alhaji ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ambaci manyan da ya sani. Ya aika garin Sabuwa aka kawo masa 'yan dako. Baba ya tare su da fura, ya nuna musu allon kwangila, ya nuna musu kwazazzabo. Suka sha, suka yi godiya, suka koma. A cikin makon nan ruwan farko ya sauka, kwazazzabon ya ƙara baki, ta yadda ko an cire mata siket ba ta haurawa.

Nan motar ta ci damina. Suwaibatu ta gano babu wurin shanyar kuɓewa kamar fiffiken, don akuya ba ta kaiwa. Kaji suka tare a ƙarƙashi, inda siket ya tsare musu iska kamar yadda mai gyara ya yi alkawari. Shi kuwa Alhaji ya koma hawa bayan babur ɗin aro, babbar riga na kumbura a bayansa. In aka tambaye shi motar a Funtuwa, sai ya ce tana hutawa a gida.

Da kaka ta yi ya iso da siminti da magina. Garin ya yi murna, har waɗanda baya ya riƙe suka fito ɗiban yashi. Alhaji da kansa ya auna faɗin motar da igiya, ya ƙara taƙi ɗaya a kowane gefe, ya ce iyakar kwalbatin ke nan. Da ya bushe, aka kori kaji, aka tura motar ta tashi, ya lallaɓa ya haye, ya ɗaga wa Baba hannu ta taga.

Ba a jima ba babbar motar ɗaukar hatsi ta zo. Direban ya sauko ya dubi kwalbatin, ya dubi tayoyinsa, ya ce a kawo buhunan a ka, kamar kullum.

Alhaji ya karɓi cikon kuɗinsa. A wajen bikin buɗe hanya, wani babban ma'aikaci ya yi jawabi mai tsawo a kan 'yan kwangila masu kishin garinsu, aka sa Baba Rabo a layin gaba don ya ji da kyau.