Dutse na Tara

Sun ɗaga rumbun ke nan, mutum goma sha biyu a ƙarƙashinsa, Yahuza ya sake komawa gindin darbejiya wajen Baba Ɗanhausa, karo na uku. Tsohon maƙwabcinsa ne, Bamaguje, shekara talatin danga ɗaya ta raba su. Kwana huɗu ƙirjinsa na ƙara kamar tsohon injin niƙa, amma ya rantse ba mai kai shi asibiti Faskari sai rumbunsa ya zauna a Ruwan Godiya, inda duk ƙauyen ke ƙaura saboda 'yan bindiga.

"Ba ni barin gida gaban hatsi," in ji shi. "Ubana bai yi ba."

Kai, taurin kai! Yahuza ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya ce zai ɗaure shi a babur da igiya. Tsohon ya fara dariya, tari ya ƙwace ta. Dole Yahuza ya bi bayan rumbun da sassarfa, yana azalzalar mutane su ɗaga ƙafa.

Dammunan dawa sun riga sun tafi a amalanke tare da Asibi, matar tsohon. Rumbun zana kuwa ba nauyinsa ne abin tsoro ba, iska ce: ta kaɗa shi nan, ta kaɗa shi can, ana canjin kai ana mita. Da azahar suka isa. Rabo da ke gaban masu ɗaukar ya tambayi inda za a dire, sai kowa ya dubi ƙasa. Duwatsu taran da ake ɗora gindin rumbu a kai saboda gara, an baro su can. Asibi ta ce in suka ajiye shi a tsurar ƙasa, to a wajen mijinta rumbu bai zauna ba.

Yahuza ya ji kamar ya fashe da kuka. Ya juya amalanke, ya yi ta tsula wa shanun da ba su yi masa laifin komai ba bulala.

Takwas ya tarar a gurbinsu. Na taran yana bakin hanya, tsohon ya mirgino shi don kada a manta, ga sawun gwiwoyinsa a ƙasa tun daga gurbin. Yana zaune jingine da shi, kai a sunkuye.

"Baba, tashi mu tahi, saura kaɗan."

Ya taɓa kafaɗarsa, hular ta faɗo. Yahuza ya yi salati, ya zauna daɓas, ya rasa wanda zai yi wa faɗa.

Washegari, bayan an dawo daga binne shi, aka zaunar da rumbun a kan duwatsu takwas. Na taran Asibi ta sa an ɗora a kan kabarin, ba wanda ya yi mata musu. Rumbun ya ɗan karkata ta gefen da babu dutsen, kaji suna tono a inuwarsa.